Kuɗin da Doki Ya Riga Ya Ci

Asabar, 29 ga Maris 2025, 29 ga Azumi.

Tun da na yi sahur ban koma barci ba, waya ce ta hana ni. Jiya Juma'a da 'yan sanda suka ba da sanarwar cewa bana babu hawan Sallah a Kano, guruf ɗinmu na WhatsApp ya yi tsit kamar ruwa ya cinye mu. Sai bayan tahajjudi aka fara leƙowa. Wannan ya rubuta "Allah Ya sa haka ne mafi alheri," wancan ya ce amin, na ukun bai tsaya kwana-kwana ba: "Ma'aji, ya ake ciki?"

Ma'ajin kuwa ni ne. Mu takwas ne muke hawa a bayan hakiminmu, kuma babu mai dokin kansa a cikinmu, haya muke yi. Tun kafin azumi kowa ya kawo naira dubu 60, aka tashi dubu 480. Na kai wa Baba mai dawaki dubu 200 kafin alƙalami na kwana uku, hawan Idi da Daushe da Nasarawa. Mai kayan doki a Kurmi ya karɓi dubu 90. Yadi da ɗinkin anko sun ci dubu 130, makaɗa dubu 30. Abin da ya rage a hannuna dubu 30 ne, na ruwa da sallamar zagage. Ban da wannan akwai tsohuwar dubu 80 da ke kwance a wurin Baba tun Babbar Sallar bara, wadda ita ma aka hana hawa ana saura 'yan kwanaki. A lokacin ya ce a bar ta ta zama ta gaba. Ga gaban ta zo.

Da aka idar da Asuba na tsare liman a ƙofar masallaci na zayyana masa komai. Bai ko ja dogon numfashi ba. Ya ce a Malikiyya ba a yarda mai kaya ya riƙe kafin alƙalami don kawai ciniki bai yiwu ba, Hanbalawa ne suka sassauta a kan haka. Ya ce kuma malaman fiƙihunmu na da sun kawo misalin da ya yi kama da namu sak: in mutum ya kama hayar shago, sai mai mulki ya ba da umarnin a rufe shaguna, to hayar ta warware, tunda amfanin da aka yi ta dominsa ya gagara. Na ji wani sanyi a raina. Har na juya zan tafi ya riƙo hannun rigata ya ce, "Amma fa ka tafi da sulhu a bakinka. Kai ma ɗan kasuwa ne." Na ce to, Malam. A zuciyata kuwa cewa nake yau sai an ƙirgo mini dubu 280 cif.

Wajen ƙarfe tara na sauka daga adaidaita sahu a bakin lungun su Baba. Tun daga nesa warin barga ke yi maka maraba, kashin doki da dusa jiƙaƙƙiya da ɗan hayaƙin da ake turarawa saboda ƙuda. Dawaki takwas na tarar a turke, kowanne an wanke shi yana sheƙi. Biyar nasa ne, uku daga ƙauye ya sa aka kawo su a mota saboda mu. Akawal ɗin da aka ware mini yana can ƙarshe, baƙi wuluk, an tsefe masa geza, yana ta tona ƙasa da kofato. Shi bai san an yi wata sanarwa ba. Wani yaro na daddatsa harawa da adda a kan kututture, wani yana dama kanwa a cikin rabin duro.

Baba na zaune a kan buhu da carbi a hannu, rediyo a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, barkanku da shan ruwa. Ya ibada?"

"Alhamdulillahi, ɗana. Na san abin da ya kawo ka. Kai ne na huɗu tun safe."

Bai bari na buɗe baki ba ya miƙe ya ce in biyo shi. Ya tura ƙyauren ɗakin ajiya. Buhunan gero da na dusa ne, rabinsu an zazzage, sai ɗaurin harawa da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ya ce tun farkon azumi ya ƙara wa dawakin abinci don su yi ƙiba su ɗauki kaya, ga harawa a wannan rani sai wane da wane. Ya biya motar da ta kawo ukun nan, kuma sai ya sake biyan wadda za ta mayar da su. Masu su ma sun riga sun karɓi nasu. Sannan ya nuna mini akawal ɗin da haɓa ya ce, "Kuɗinku ga shi can a cikin wancan. In ka san yadda za a fito da shi, bismillah."

Na yi dariya ban shirya ba. Fatawar liman tana bakina, na fara, "Baba, ai a shari'a…" sai ya ɗaga hannu. Ya ce ya sani, ya ji wannan karatun tun ban san hanyar makarantar allo ba, kuma bai ce ba mu da gaskiya ba. In na ce sai an biya duka, to in ba shi mako biyu ya sayar da kili guda. Ya faɗa ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin farashin gero. Na kalli kilin. A kansa ƙanena ya fara hawa shekarun baya, yana rawar jiki, Baba da kansa ya riƙe masa linzami tun daga nan har Ƙofar Kudu.

Ni dai a ganina gaskiyar tamu ce, amma asarar ba ta mutum ɗaya ba ce. Ba Baba ne ya hana hawa ba, ba kuma mu muka fasa ba. Mun fi awa muna ja, ba tare da an ɗaga murya ba. A ƙarshe ya shiga cikin gida ya fito da dubu 100 a ƙulle cikin leda, 'yan ɗari biyar-biyar duk sun sha hannu. Dubu 100 muka bar wa gero da mota. Tsohuwar dubu 80 kuma ya ce ta ƙara kwana zuwa Babbar Sallah. Na ce Baba, haka fa aka ce bara. Ya ce, "To bana sai ka ƙara da addu'a." Na sa yaronsa mai boko ya rubuta a takarda, Baba ya sa hannu da ajami.

Ina fitowa na ci karo da wasu suna cinikin mota, wai za su loda nasu dawakin su nufi Zariya. Sun ce in muna so mu biyo su. A bayan wa za mu hau a can? Hawa ba kilisa ba ne da za ka ɗare doki ka shiga duk inda ka ga taro. Kowa da tawagarsa, kowa da gurbinsa a jeri.

Kurmi ba ta ba ni wahala ba. Mai kayan ya riga ya jera mana su gefe guda, sirdi takwas da jalala da likkafu an goge su da toka suna ƙyalli. Ya cire dubu 10 na wanki da gyaran wani linzami, ya turo mini dubu 80 nan take, na ji alat kafin in ɗaga ƙafa. Shi kayansa ba sa cin gero. Tela kuwa ban ma yi masa maganar kuɗi ba, kaya sun ɗinku, na kwaso su a buhu. Makaɗa tun jiya wayar babbansu a kashe.

A adaidaita na dawowa, rana kamar ta tsaga kai, direban ya kunna rediyo ana ta muhawara a kan hawan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a watan Disamban da ya wuce ne UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Har walima muka so yi. Wata uku da 'yan kwanaki ke nan, ga shi Sallar farko bayan karramawar za ta wuce ba jahi, ba ƙarar bindigogin gargajiya da ke tsorata yara, ba a je Babban Ɗaki gaisuwar Daushe ba. Rabonmu da hawa tun ƙaramar Sallar 2024. A 2020 korona ce ta hana, wannan kowa ya san ciwo ne ya zo wa duniya. Na yanzu kuwa tun da rikicin sarauta ya taso a watan Mayun bara, Sarki Muhammadu Sanusi II a Gidan Rumfa, Sarki Aminu Ado Bayero a gidan Nasarawa, magana tana kotu. Ba ni da bakin sa wa a nan. A guruf ɗinmu ma doka muka kafa, wanda ya kawo zancen sai ya sayi lemon buɗa-baki.

Bayan La'asar na zauna da biro. Dubu 30 ta hannuna, da 100 ta Baba, da 80 ta Kurmi, dubu 210. A raba takwas, kowa ya tashi da naira 26,250, da riga da wando da rawani. Na ɗauki hoton lissafin da takardar Baba na tura.

Biyar suka yi godiya. Ɗaya ya ce a bar nasa a asusu. Na bakwai, wanda bana ne zai fara hawa, ya kira ni kai tsaye. Muryarsa na rawa. Ya ce shi bai san wani Baba ba, ni ya ba wa dubu 60, kuma rance ya ciwo a wurin yayarsa. Wa ya ba ni izinin yafe dubu 100 da ba tawa ba? Na buɗe baki na rufe. Ya fi ni gaskiya a nan: da na kira su tun ina barga kafin in amsa. Ina tsaye gaban tsoho da dawakinsa sai na manta kuɗin mutum takwas ne a wuyana. Na ba shi haƙuri, na ce kasonsa na cikin dubu 100 ɗin, 12,500, ni zan cika masa daga aljihuna bayan Sallah. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ba wai na ƙi ba ne." Na ce na sani.

Maman yara da ta ji, cewa ta yi wannan ma'ajin naku ba albashi sai cikon gibi. Ban tanka ba, kunun tsamiya na gabana.

Bayan Isha'i aka sanar daga fadar Sarkin Musulmi cewa an ga wata, gobe Lahadi Sallah. Unguwa ta kaure da ihun yara. Autana ya jawo rawanina daga cikin buhun tela ya nannaɗa a kansa har ya rufe masa ido, ya hau matashin kujera yana dukansa da ludayi. Ya tambaye ni ƙarfe nawa za a kawo dokin. Na ce gobe da ƙafa za mu je Idi. Ya ce to jibi fa?

Mun yi da mutanen za mu haɗu a ƙofar gidana ƙarfe bakwai, kowa da ankonsa, mu taka zuwa Ƙofar Mata. Na sake gwada lambar makaɗan yanzu. Ta shiga, ba a ɗauka ba.