Daga ziyarar Fas zuwa Ifran a watan Oktoba

Mutanenmu da yawa suna zuwa Maroko ne don ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, idan sun kammala su yi sayayyar jallabiya da takalma su juyo gida. Ni ma da wannan niyyar na je. Abin da ya sa na hau dutse shi ne ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Al Akhawayn, a garin Ifran. Ya bugo mini waya ya ce, "Kawu, ba za ka zo har Fas ka koma ba ka ga inda nake ba. Kuma yanzu ne lokacin da garin ya fi kyau." Gaskiya ya faɗa.

Tsakanin Fas da Ifran bai fi kilomita 65 ba, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a babbar tasi ta haɗaka, wadda ba ta tashi sai ta cika. Hanyar hawa ce kusan gaba ɗaya. A wajen Imuzzar Kandar muka fara ganin masu sayar da tuffa a bakin titi, akwatuna jere, domin lokacin tsinkarta ke nan. Direba ya tsaya muka saya. Ba ta da ƙyalli irin wadda ake kawo mana a kwali, wata ma da tabo a jikinta, amma idan ka gatsa sai ka ji ƙaras, ruwa ya cika maka baki.

Ifran tana kan tsaunukan Atlas ta Tsakiya, a tudun da ya haura mita 1,600 bisa matakin teku. Faransawa ne suka gina ta a 1929 don su riƙa gudun zafin biranen ƙasa, shi ya sa gidajen suke da jan rufi mai tsini wanda ƙanƙara ba ta iya taruwa a kansa. Masu yawon buɗe ido suna kiranta Suwizalan ta Maroko. Ni dai wannan kirarin bai burge ni ba, domin yana ɓoye rabin labarin. Ma'aikatan da suka gina garin, suka yi wa Turawa hidima, ba a ba su wuri a cikinsa ba, sai suka kafa unguwarsu a gefe, Timdiƙin. Duk wanda ya san tarihin GRA a biranenmu zai gane tsarin nan take. Na roƙi yaron ya kai ni can, kuma can na sha shayin na'ana'a mafi daɗi a duk tafiyar, a tsakiyar mutane masu hira da Tamazait, harshen Barbar na yankin.

Me ya sa lokacin kaka ya fi? Da bazara mutanen Fas da Maknas suna kwararowa saboda zafi, masauki ya yi tsada. Da hunturu kuma masu zuwa wasan ƙanƙara a dutsen Mishlifan da ke kusa ne ke cika hanya. A Oktoba garin yana komawa hannun mazaunansa da ɗalibai. Rana tana fitowa da ɗumi mai daɗi, bishiyoyin bakin titi suna rikiɗa daga kore zuwa ɗorawa da ja, ganye yana zuba har ya rufe hanyar ƙafa a wajen ƙoramar Ain Bital. Na ɗauki ganye ɗaya mai faɗin tafin hannu: tsakiyarsa kore ne har yanzu, gefensa ya yi ja kamar an ƙona, kuma ba bushewar ƙishirwa ba ce, sanyi ne da gajartar yini ke sa bishiyar ta janye abincinta kafin ta saki ganyen. Da sassafe za ka ga 'yan tsere suna gudu a gefen daji. Iskar tudu ba ta da kauri, gudu a cikinta yana ƙara juriya, don haka zakarun gudu irin su Hisham El Guerrouj suka riƙa yin atisaye a nan.

Jami'ar ce ke riƙe da garin a wannan lokaci. An buɗe ta a 1995, da haɗin gwiwar Sarki Hassan na Biyu da Sarki Fahad na Saudiyya, kuma da Turanci ake koyarwa, a ƙasar da manyan makarantu suka saba da Larabci da Faransanci. Wannan ya sauƙaƙa mini zama ƙwarai, domin a kasuwar garin, inda ɗalibai ke taruwa cin gasasshen nama da miyar harira da yamma, ba ka rasa wanda zai yi maka tafinta. Sai dai harabar ba wurin shiga kai tsaye ba ce. Akwai masu tsaro a ƙofa, gara ka shirya tun da wuri da wanda ka sani a ciki. Na yi sallar la'asar a masallacin jami'ar, sahu ɗaya da yara daga ƙasashe daban-daban, na ji hankalina ya kwanta da inda ƙanwata ta tura ɗanta.

Sanyin dare ba abin wasa ba ne. A nan aka taɓa auna sanyi mafi tsanani a tarihin Afirka, kusan digiri 24 ƙasa da sifili, a watan Fabrairun 1935. Oktoba ba ta kai ko kusa da haka, amma da rana ta faɗi kaftani shi kaɗai ba ya wadatarwa. A taho da rigar sanyi mai kauri da safa, kuma kafin a biya kuɗin ɗaki a tambaya ko akwai abin ɗumama shi da ruwan zafi na alwalar asuba.

Wanda zai iya, ya sa Talata a cikin shirinsa, ranar kasuwar Azru ce, ƙasa da kilomita 20 daga Ifran. Makiyaya suna saukowa da tumaki, mata da darduman ulu saƙar hannu. A kan hanya akwai dajin al'ul, bishiyoyi masu ɗaruruwan shekaru da ba sa zubar da ganye, inda birai marasa wutsiya ke zaune. Suna cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Za a yi maka tallar gyaɗa ka ba su, ina roƙo kada ka saya: ciyarwar tana janyo su bakin titi, motoci na bankarsu, masu satar 'ya'yansu kuma na samun sauƙi.

Tafkin Dayat Awa, da ake gani cike a hotuna, fari ya ƙafar da shi a shekarun baya, don haka a tambayi direbobi halin da yake ciki kafin a ɗauki shata. Mai komawa Fas kuwa ya isa tasha kafin magariba, domin da duhu ya yi fasinja suna raguwa, sai dai mutum ya biya kuɗin kujerun da ba kowa.