Wasiƙa daga Ingila: kafin a zuba siminti a kan kufai

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida. Ina gajiya, ya iyali?

A nan Ingila, tun daga 1990, duk wanda zai yi babban gini a filin da ake zaton akwai tarihi binne a ciki, sai an fara bincika wurin, kuma shi zai biya kuɗin binciken. Masana su duba tsofaffin taswirori, su bi filin da na'urar da ke hango abin da ke ƙarƙashin ƙasa, sannan su haƙa dogayen ramuka su gani da ido.

Kufai sun yi yawa a ƙasar nan, an san kusan 3,000. Wasu annobar 1348 ce ta cinye mutanensu, wasu kuma masu ƙasa ne suka kori manoma don su kiwata tumaki saboda kuɗin ulu. In ka tsaya a irin wannan fili, ciyawa kawai za ka gani, sai wani kwari mai tsawo da ya taɓa zama hanya, da 'yan tudun da gidaje suka zauna a kai.

A Stoke Mandeville, kusa da Aylesbury, ƙauyen ya gusa ya bar tsohon cocinsa, wanda aka gina wajen 1080, shi kaɗai cikin gonaki, har aka rushe shi a 1966. Da layin dogo na HS2 zai bi ta wurin, sai aka tone shi a 2021. An kwashe gawarwaki kusan 3,000 cikin mutunci don a sake binne su. A ƙarƙashin harsashin cocin kuma aka ci karo da gumakan dutse na zamanin Rumawa: mace, namiji, da kan yaro. Ba a fasa aikin jirgin ba, amma an auna komai, an rubuta, an adana.

Abin da ke ci min rai shi ne ganuwar Kano, yadda ake ɗibar ƙasarta ana yin gini a kanta, ba wanda ya tsaya ya duba abin da ke ciki. Ga Surame, ga Turunku, ga kufai marasa adadi da sunansu ya rage a bakin tsofaffi kawai.

Don Allah, in kun ji za a yanka filaye a kan wani kufai a garinku, ku je wurin mai unguwa ko hakimi, ku nemi a kira masana tarihin ƙarƙashin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya su zo su duba kafin katafila ta shiga.

Ku gaishe min da kowa da kowa.
Naku, daga Ingila.