Gwajin haɗin atam da gishiri, sukari, kyandir da bakin fensir

Da kayan da ba su wuce na kicin da shagon mai gyaran rediyo ba nake koya wa 'yan ajin farko na babbar sakandare nau'o'in haɗin atam. Abin da nake tanada shi ne batir mai bolt 9, ƙaramin ƙwan LED ja, rezisto mai om 470, wayoyi masu bakin kada, da sandunan kabon biyu da ake cirowa daga tsohon batirin tocila irin na zink da kabon. Batirin alkalin kam ba a fasa shi, abin da ke cikinsa yana ƙona fata. Reziston ba ado ba ne: in babu shi, da zarar sandunan sun taɓa juna ƙwan ya mutu. Da shi, wutar da ke bi ba ta wuce kimanin miliamfiya 15 ba.

Busassun kaya nake fara taɓawa da sandunan biyu. Wayar jan ƙarfe tana kunna ƙwan nan take, domin a cikin ƙarfe ilaktron ɗin waje ba su da atam guda da suke maƙale da shi, yawo suke a tsakanin ayon ɗin ƙarfen, wato atam ɗinsa masu cajin lantarki. Gishiri, sukari da kyandir kuwa shiru. A nan yawancin ɗalibai ke yanke hukuncin cewa ukun jinsi ɗaya ne, ni kuma ina barin su su rubuta hakan kafin mu zuba ruwa. Da damina sai an soya gishirin a busasshen kasko tukuna, saboda yana jan danshi, kuma danshin kaɗan ya isa ya sa ƙwan ya ɗan yi haske ya ɓata darasin.

Ruwan da za a narkar da gishirin da sukarin shi ne wurin da gwajin ya fi lalacewa. Ruwan rijiya, na famfo da na leda duk suna ɗauke da narkakkun ayon, ƙwan LED kuwa wuta 'yar kaɗan ke kunna shi. Tataccen ruwa ake buƙata, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, amma a tabbata ba ruwan asid aka bayar ba. Ina gwada shi shi kaɗai da fari, in ƙwan ya kama in canja ruwa. Sannan giram 5 na gishiri a mililita 100, giram 5 na sukari a wani kofin, tazarar sandunan santimita 2, zurfinsu a ruwa iri ɗaya. Ana farawa da sukari, a kuma ɗauraye sandunan tsakanin kofi da kofi, domin kabon yana tsotse ruwan gishiri, ya kai shi kofi na gaba.

Duka biyun sun narke, sun ɓace wa ido, amma ruwan gishiri ne kaɗai ke kunna ƙwan. Wannan shi ne zuciyar darasin. Sodiyam yana da ilaktron 11, jerinsu 2, 8, 1. Kulorin yana da 17, jerinsu 2, 8, 7. Sodiyam ya ba da ɗaya, kulorin ya karɓa, kowanne ya zama ayon mai caji. A busasshen gishiri kowane ayon na sodiyam ayon shida na kulorin ne suka kewaye shi, haka ma kulorin, babu mai motsi. Ruwa ya raba su, suka sami damar tafiya zuwa sandunan. Sukari kuwa molikul ne, wato dunƙulen atam, mai kabon 12, haidirojin 22 da oksijin 11, waɗanda suka yi tarayya a kan ilaktron, abin da ake kira haɗin kobalent. Ruwa yana raba molikul da molikul ne kawai, kowanne ya tafi cikakke ba caji. Jiƙaƙƙiyar kanwa tana kunna ƙwan kamar gishiri, domin ita ma ayon ne, na sodiyam da kabonet. Kada a bar sandunan cikin ruwan gishiri fiye da daƙiƙa 10: kumfan da ke tashi haidirojin ne a gefe ɗaya, kulorin a ɗayan, kuma kulorin guba ne.

Gwajin zafi a cokulan ƙarfe nake yi a kan risho, tagogi a buɗe. Kyandir yana narkewa kusa da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Sukari yana yin ruwan ƙasa a wajen digiri 186, ya yi ƙauri, ya koma baƙin gawayi. Gishiri sai dai ya yi ta ƙaras-ƙaras yana tsalle saboda ɗigon ruwan da ke kulle cikin ƙwayoyinsa, narkewarsa sai digiri 801. Littattafai suna nuna narkakken sinadarin dalma da buromin don tabbatar da cewa narkakken ayon yana ɗaukar wuta, amma hayaƙinsa mugu ne, ba na yin sa a ajin da ba shi da akwatin zuƙe hayaƙi.

Amsar da ta fi damuna a takardun ɗalibai ita ce "haɗin kobalent ba shi da ƙarfi, shi ya sa kyandir ke saurin narkewa". Ba haka ba ne. Lokacin da kyandir ya narke, ko haɗi ɗaya tsakanin kabon da haidirojin bai tsinke ba. Raunanan jan da ke tsakanin molikul da maƙwabcinsa ne suka saki, shi ya sa in ya huce yake komawa kyandir. Kamar buhunan hatsi ne da aka rushe tarinsu, ba a farke ko ɗaya ba. Don in karya waccan amsa nake ɗora yashi a cokali. Shi ma haɗin kobalent ne, tsakanin silikon da oksijin, amma a sarƙe yake ta kowace fuska ba iyaka, kuma sai an kai kusan digiri 1700 yake narkewa.

Bakin fensir nake ajiyewa zuwa ƙarshe. Garafait ɗin da ke cikinsa kabon ne zalla, ba ƙarfe ba, amma yana kunna ƙwan. Kowane kabon a cikinsa yana riƙe da wasu kabon uku ne a shimfiɗaɗɗen faifai, ilaktron na huɗun yana yawo, faifan kuma suna zamewa a kan juna, abin da ke sa shi rubutu ke nan. A lu'ulu'u kabon ɗin yana riƙe da huɗu, babu ilaktron mai yawo, ba ya ɗaukar wuta. A nemi fensir 6B, domin HB yumɓu ya yi masa yawa. Ana zana layi mai kauri a takarda, faɗin santimita ɗaya, a maimaita har ya yi ƙyalli, a kafa waya ɗaya a bakinsa, a ja ɗayar a hankali tana nisa, ɗalibai su rubuta tsawon da hasken ya dushe.