Waƙoƙin barkwancin kasuwa da zancen "ɗan wa ne?"

A Ingila, wajen shekarun 1600, akwai waƙoƙin barkwanci da ake bugawa a falle ɗaya na takarda ana sayarwa kwabo guda a bakin titi, mai tallar yana rerawa har jama'a su taru. Wani ma'aikacin gwamnati, Samuel Pepys, ya tara sama da 1,700, suna nan ajiye a Kambirij har gobe. Da yawansu kan masu sana'a ne, tela, baduku, mai niƙa, kuma wargin da suka fi so shi ne maigida na can yana fama da aiki, a gida an haihu, unguwa kuma sai ƙus-ƙus wai jaririn da maƙwabci ya yi kama.

To mu ma nan Zamfara ai ba baƙon abu ba ne. Kowace sana'a da kiɗanta, mahauta kalangu, maƙera dundufa, sannan ga 'yan gambara da ba su bar kowa ba. Ranar kasuwar Shinkafi ko Talata Mafara ɗan gambara zai coge gaban mahauci ya hau waƙe shi, wai tsoka a sama ƙashi a ƙasa, mutane na ta kwasar dariya, shi ma mahaucin yana dariya yana lalube aljihu don a sallame shi a wuce. Tela kuwa ya shiga uku, ragowar yadi da alkawarin ɗinkin sallah kaɗai sun ishe shi. Wallahi wannan ɓangaren yana burge ni, don a ciki kake jin yadda talaka ke neman abincinsa, kuma yana min ciwo na Turawa na rubuce namu kuwa yana bin tsofaffi kabari. Mai waya ya ɗauki muryarsu tun suna raye don Allah.

Amma baitin sheganta yaro, wannan kam ban yi kewarsa ba ko kaɗan. Tela zai ɗinka wata riga a manta, yaron fa? Da habaicin zai girma, a makarantar allo a goranta masa, ranar neman aure a sake tono shi. Shi ya sa addini bai ɗauki abin da wasa ba, ɗa na mai shimfiɗa ne, wanda kuma ya yi wa mace ƙazafi bai kawo shaidu 4 ba bulala 80 ce a kansa, ko da kiɗa ya faɗa ko ba kiɗa.