Facin da na yi wa direban USB, sai ya koma kashe kwamfuta a wani wurin

Lokacin da nake sabon hannu, an ba ni wata ƙaramar kwamfuta mai Linux wadda ke samun intanet ta ɗan abin nan da ake soka wa a ramin USB, a ɗaya gefen kuma a jona masa kebul. Direban na'urar, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da ita, ba ya cikin Linux na asali, daga wurin masu ƙera ta aka samo shi, mu kuma muka yi masa kwaskwarima, an gina shi a kan usbnet, wato ginshiƙin da direbobi irin su cdc_ether da rndis_host da asix duk suke zaune a kai. Matsalar ɗaya ce: in aka zare na'urar, wani lokaci ba abin da ke faruwa, wani lokaci bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu komai ya sandare.

Sati na farko na ɓata shi a banza, domin da ta sandare sai in kashe in kunna, rahoton da kanel, wato zuciyar Linux, ya rubuta kafin ya mutu ya tafi ke nan. Ƙanina, kada ka yi haka. Ko hoto ne ka ɗauki allon da wayarka. In da hali, ka saita netconsole ko kebul na siriyal domin rahoton ya faɗa wata kwamfutar, sannan ka bi shi da decode_stacktrace.sh ya nuna maka layin da ya faɗi a cikin rubutun manhajar.

Da na samu rahoton, sai ya nuna wani ɗan aiki da ke tashi lokaci-lokaci yana duba ko kebul na jone. Na ga layin da ya faɗi, na ce to ai manunin, wato abin da ke riƙe adireshin memori, babu komai a cikinsa, na sa sharaɗi: in NULL ne, wato fanko, a koma. Layi biyu. Na zare na soka sau goma, shiru. Na je na faɗa wa maigidana an gama, har da ɗan taƙama.

Gyaran gangar Auzinawa na yi. Bayan kwanaki sai kwamfutar ta fara mutuwa a wuraren da ba ruwansu da USB, yau a ɓangaren fayil, gobe a wani wuri daban. Abin da ban gane ba shi ne, in ka kira kfree ka mayar da memori, manunin ba ya komawa NULL da kansa. Adireshin yana nan daram, kamar wanda ya tashi daga gidan haya amma makulli na aljihunsa. An ba wani ɗakin, shi kuma yana shigowa da dare yana sauya wa kaya wuri. Sharaɗina bai taɓa kama komai ba, sa'a ce kawai ta raka ni a gwajin nan goma.

Wani babban yayanmu a aiki ne ya ce in tayar da kanel da slub_debug. Wannan yana rubuta lamba 6b a kan duk memorin da aka mayar. Da ta sake faɗuwa, sai ga 6b6b6b6b6b6b6b6b zaune a cikin rahoton, ƙuru-ƙuru. Daga nan na gina kanel da KASAN, mai kama duk wanda ya taɓa memorin da bai kamata ba, wanda ya shiga Linux tun 2015, kuma shi ne abin da ya kamata in fara da shi. Yana rage gudu, yana cin memori, amma yana ba ka abu uku a tare: inda aka taɓa memorin, inda aka ware shi, da inda aka mayar da shi. Na ukun nan ne ya tona min asiri. Ni da hannuna na mayar da shi a lokacin cire na'ura, alhali ɗan aikin nan yana cikin layi yana jiran lokacinsa.

Ko bayan na gane, sai da na sake yin tuntuɓe. Na sa cancel_delayed_work_sync don ya soke ɗan aikin, amma na bar URB, wato saƙon buƙatar da direba ke aika wa na'urar USB, wanda ke sauraron na'urar da rai, shi kuma da ya dawo sai ya sake tura aikin cikin layi. Da na zo kashe URB ɗin kuma na yi amfani da usb_unlink_urb, wanda aike kawai yake yi ya wuce, ba ya tsayawa ya ga an daina. Wanda ke jira shi ne usb_kill_urb. Jerin da ya yi aiki shi ne a fara kashe URB a jira, sannan a soke aikin a jira, sai a ƙarshe a mayar da memori. Duk lokacin da za ka rubuta kfree a hanyar cire na'ura, ka tsaya ka lissafa da yatsu su wa har yanzu ke riƙe da adireshin nan.

Gwajina ma na ragwaye ne. Ina zarewa ne lokacin da layin intanet ke hutawa. Ka kunna iperf3, manhajar gwada saurin layi, bayanai na kwarara, sannan ka fizge. In hannunka ya gaji, rubuta ɗan umarni da zai riƙa rubutu a fayilolin unbind da bind na cikin sysfs, masu raba direba da na'ura su sake haɗa su, sau ɗaruruwa, ka je ka yi sallah ka dawo.

Sannan kada ka yarda da tsawon da na'ura ta ce fakitinta, wato ƙunshin bayanan da ta aiko, na da shi. In ta ce 1500, ka duba ko abin da ya iso ya kai haka kafin ka karanta. Syzbot na Google, manhajar da ke farautar kurakurai a kanel, yana ƙirƙirar na'urorin USB na bogi masu faɗin ƙarya da gangan, kuma da haka yake kamo irin wannan ɓaraka a direbobi.

Facin gaskiya da na yi a ƙarshe layi uku ne na sauya wa wuri, na kuma goge sharaɗin NULL ɗin nan da na yi taƙama da shi. Maigidana ya karanta, ya ɗago ya ce, “Sau nawa ka zare wannan karon?”