Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Daga Menari Zuwa Tudun Birged

A makon jiya mun tsaya a ƙauyen Menari, bayan mun baro Owers' Corner, mun ƙetare kogin Goldie, mun hau tudun Imita da na Ioribaiwa. Wanda bai samu karanta kashin baya ba, hanyar Kokoda nake ba da labari, mai tsawon kilomita 96 a tsakiyar tsaunukan Owen Stanley na ƙasarmu Papuwa Niyu Gini, inda sojojin Ostireliya da na Japan suka gwabza a 1942. Aikina shi ne in shige gaban baƙi, in kai su ƙarshenta da ƙafafunsu.

Tun da duhun asuba nake tayar da mutane a Menari. Kafin kowa ya saka takalmi sai na duba ƙafarsa, domin bororon da aka ɓoye yau gobe shi ne gyambo. Ina duba gorar ruwa, ina tambayar wanda bai haɗiyi maganin zazzaɓin cizon sauro ba. Daga nan a gangara kogi, sai hawa. Hawan nan ba ya da tausayi: taɓo, saiwoyin itatuwa masu santsi, ga zafi mai ɗauke numfashi. Mai ƙarfin cikin ayari ba ya damuna. Idona yana kan wanda ya daina magana, saboda shi ne ruwan jikinsa ya fara ƙarewa.

A saman Tudun Birged daji yake buɗewa, sai fili mai ciyawa, kwari hagu da dama. Nan nake cewa kowa ya sauke jaka ya zauna. A farkon Satumba na 1942 Birgediya Arnold Potts na sojojin Ostireliya ya tsayar da mutanensa a nan da gangaren da ke fuskantar Efogi, bayan sun ja da baya tun daga Isurava. Da dare suna hango jerin fitilun mayaƙan Manjo Janar Horii na Japan suna gangarowa daga wajen Kagi, amma ba su da manyan bindigogin da za su kai can. Ranar 8 ga wata Japanawa suka zagayo ta gefen dutse mai tsananin gangara, suka yanke hedikwatar Potts daga bataliyoyinsa. An yi ta kai farmaki don a buɗe hanya, abin ya faskara. Bataliya ta 2/27 ta faɗa daji da masu raunukanta, ta yi kusan mako biyu kafin ta fito, yunwa ta kusa gamawa da ita.

Yawancin baƙina 'yan Ostireliya ne, kuma da yawa kakansu suka biyo. Na taɓa rako wani dattijo da mahaifinsa ya yi yaƙi a wannan tudu. Da na gama bayani ya kasa tashi. Na tsuguna kusa da shi na ce, "Baba, a huta tukuna, ba wanda ke jiranmu." Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, har ya rasu bai taɓa faɗa mana ko kalma ɗaya game da wurin nan ba." Irin wannan kuka ba na hana shi, kuma ba na barin kowa ya ɗaga kyamara.

Amma ba na sauka daga tudun nan sai na faɗi rabin labarin da ya shafe mu. Babu mota a wannan hanya, babu alfadarin da zai wuce farkonta. Harsashi da abinci da magani duk a wuyan mutanenmu suka hau. Hukumar soja da ke mulkin ƙasar a lokacin, ANGAU, ita ta tattaro 'yan dako daga ƙauyuka, kuma da yawansu ba da son ransu suka zo ba. Bert Kienzle, wanda ya tsara aikinsu, ya lissafa cewa ɗan dakon da ya ɗauki abinci zalla zai cinye kayansa cikin kwana 13. Wannan ne ya sa aka koma jefa kaya daga jirgin sama a filin Myola. In an juyo kuma, su ne ke ɗauko masu rauni a bargo da aka ɗaure a sanduna biyu, mutum takwas ga majinyaci ɗaya, a hanyar da kai da jakarka kaɗai kake rarrafe. Sanyi da atuni da ciwon huhu sun kashe wasu, wasu sun gudu gida, kuma ni ban ga laifinsu ba: gonakinsu sun lalace, iyalinsu suna ɓoye a daji.

A maƙabartar Bomana kusa da Port Moresby akwai kaburbura fiye da 3,800, a jere, ana share su kullum. Ina kai baƙi can da girmamawa. Sai dai yawancin 'yan dakon da suka faɗi a kan hanya ba wanda ya rubuta sunansu. Mayaƙan bataliyar Papuwa ma sun fuskanci Japanawa tun 23 ga Yuli a Awala, shi ya sa ranar ta zama ranar tunawa da mazan jiya a ƙasarmu, amma baƙi ƙalilan ne suke zuwa da sanin haka.

Saboda haka nake nuna musu samarin da ke ɗauke da jakunkunansu. Jikokin 'yan dakon yaƙin nan ne, daga Efogi da Kagi da Naduri. Nakan ce kowa ya koyi sunan ɗan dakonsa kafin mu isa zango. Na yi aiki da wani kamfani da ke lafta wa yara kaya fiye da ƙima, ba tanti, ba takalmi. Na bar shi, kuma tun daga nan da hannuna nake auna kowace jaka.

Da la'asar muka gangara Efogi. Ranar Juma'a ce, mutanen garin kuwa mabiya cocin Adventist ne, da faɗuwar rana hutun Asabar ke kamawa, don haka na gaggauta sayen dankali da ayaba kafin mata su tattara kayansu. A mako mai zuwa za mu hau zuwa Myola, in ba ku labarin daren da kogin Eora ya tafi da gadar itacen da muke shirin haurawa.