Tsohon kuɗi yana kuɗi, amma dan Allah kada ku kai shi a yi masa laminatin

Tunda labari ya bazu a unguwa cewa na sayar da tsofaffin kuɗin da Baba ya bari, kowa sai ya tare ni da nasa, wani kwabo mai huji, wani fam ɗaya da ta sha ninki har ta kusa rabewa biyu, wani ma naira goman takarda mai hoton Alvan Ikoku wadda jiya-jiya muke sayen ƙosai da ita, kuma kowa miliyan ce a ransa. To bari in faɗi abin da na gani da idona. Harkar nan ta ba mu ɗan abu, ba ƙarya, amma ta ƙona min rai ƙonawar da har yanzu in na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, Baffa ne ya buɗe akwatin ƙarfensa a gabanmu. A ciki akwai gwangwanin madara cike da aninai da dari da kwabo masu huji, da taro da sisi da sulalla, sai wasu takardun kuɗin Biyafara da Kawu ya dawo da su daga yaƙi, sai kuma wata tsohuwar rajistar makaranta, don Baba malamin firamare ne a nan Bauchi har ya yi ritaya. A tsakiyar rajistar nan muka tarar da 'yar Murtala, naira ashirin, kwance shimfiɗe, sabuwa fil, ko alamar ninki babu, kusurwoyinta huɗu a miƙe, in ka ɗan taɓa gefenta kana jin ƙarar sabuwar takarda.

Inna ce ta ba mu tarihinta. An kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, takardar ta fito 11 ga Fabrairu 1977, kuma ita ce ta farko da aka sa wa hoton ɗan Najeriya. Baba ya samo sabuwa daga banki ya ce wannan ba ta kashewa ba ce, alhali a lokacin naira ashirin ba ƙaramin kuɗi ba ne ga malamin firamare. Ko a Afrilun 1984 da gwamnatin soja ta canza launin kuɗi aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffi banki, ana ta layi ana turereniya, bai kai ta ba, ya yarda ta mutu a hannunsa. Shekara arba'in da wani abu tana cikin rajistar nan, gara ba ta ci ba, damina ba ta taɓa ta ba.

Na samu wani mai tara tsofaffin kuɗi a Legas ta wani zaure a Facebook, mutumin kirki, bai ɓoye min komai ba. Da na tura masa hoton gwangwanin, wanda ni shi na fi sa wa rai saboda tsufa, sai ya ce min waɗannan ai tun daga hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Turawa suka kafa a 1912 ake buga su, ƙasa huɗu ke kashe su, mu da Gana da Saliyo da Gambiya, kuma ƙarfe ba ya ruɓewa, kusan kowane tsohon gida akwai su, in ba wata shekara ta musamman aka dace da ita ba a tare ake saye, kuɗi kaɗan. Na Biyafara ma haka, ya ce suna nan jibge, har sababbi da ba a taɓa kashewa ba. Amma da ya ga 'yar Murtala sai ya kira ni a waya nan take, ya ce in matso da kamara wajen sa hannun gwamnan babban banki. Adamu Ciroma ne. Ya ce ka gani, Ciroma daga 1975 zuwa 1977 kawai ya yi, kuma takardar ta fito ne ana saura 'yan watanni ya sauka, don haka masu sa hannunsa ba su da yawa, ba kamar na Abdulkadir Ahmed ba, mutumin Jama'are, ɗan jiharmu, wanda ya yi daga 1982 har 1993, shi kam sa hannunsa ko'ina ne. Farashin da ya ambata ba miliyan ba ne, kar wani ya ruɗe, amma ya fi na gwangwanin da na Biyafaran da komai da komai a haɗe, nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa ɗaya, a yi mata sikanin gaba da baya ya ga kusurwoyin da kyau kafin ya turo kuɗi.

Ina wajen aiki, sai na ba ƙanena rajistar gaba ɗaya na ce ya kai shagon kwamfuta a yi sikanin ya turo min. Da yamma ya shigo da fara'arsa ya ce, “Yaya ga ta, har na sa an gyara maka ita yadda ba za ta ƙara lalacewa ba.” Ya miƙo min abu mai ƙyalli, ya sandare kamar katin ɗan ƙasa, an bi gefen ledar da almakashi an zagaye kusurwoyin, ga wani ɗan kumfan iska ya maƙale daidai kafaɗar Murtala. Mai shagon ne ya ce masa irin wannan tsohon abu ai laminatin ake yi masa, ya karɓi ɗari biyar ɗinsa ya tura ta cikin inji.

Wallahi na kasa magana. Na kira mutumin Legas ina fata ko akwai dabara, ya yi shiru sannan ya ce min ba zai saya ba, kuma ba ya jin akwai mai tarawa na gaske da zai saya. Ya ce injin da zafi yake aiki, gam ɗin da ke jikin ledar narkewa yake yi ya shige cikin zaren takardar, in ka ce za ka ɓare to da tawada da fatar takardar zai taho. Su kuma masu saye takardar kanta suke so, su ji tudun tawada a yatsa, su ɗaga ta a haske su ga tambarin da ke ɓoye a ciki, su tabbatar ba a wanke ba ba a goge ba. Har kamfanoni ne da su a Amurka masu ba takardar kuɗi maki daga 1 zuwa 70, ninki ɗaya tak a tsakiya yana sauko da ita daga sahun sababbi, balle wadda aka dafa a cikin leda.

Ƙanena ban riƙe shi ba, yaro ne kuma alheri ya nufa, ya ma fi ni shiga damuwa, har Inna sai da ta ce min, “Kai dai ka yi haƙuri, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa.” Amma mai shagon nan har gobe ina jin haushinsa. An ce ka yi sikanin, ka yi sikanin mana, wa ya tambaye ka shawara? Da na je na same shi ma bai ga laifinsa ba, cewa ya yi ai ya taimaka ne, kullum yana yi wa mutane satifiket da takardar fili. Abin da Baba ya kiyaye tun 1977, ya hana kansa kashewa, ya hana banki karɓa, minti biyu ya ishi wani ya gama da shi saboda ɗari biyar.

Shi ya sa duk wanda ya nuna min tsohuwar takarda yanzu, kafin ma in duba ko ta wace shekara ce nake cewa kar ka gyara. Kar ka wanke, kar ka sa mata dutsen guga don ta miƙe, kar ka liƙe yagewa da salatif, kar ka ɗaure da roba don zafin Bauchi narkar da robar yake yi ta manne ta bar tabo, kar ka ajiye ta a gwangwani tsatsa ta ci ta. Sulalla ma haka, wani maƙwabcinmu ya zauna ya dirje nasa da toka da lemun tsami suna ta walƙiya, ai ya rage musu daraja ne, masu saye sun fi son baƙin da shekaru suka sa musu. Yadda ka tsince ta haka za ka bar ta, a shimfiɗe, a busasshen wuri, ka riƙe ta ta gefe da hannu mai tsabta. Akwai ledar ajiya ta musamman da ake zura takarda a ciki a zaro ta ba gam ba zafi, in ba ka samu ba ambulan mai tsabta a cikin littafi mai kauri ya wadatar, shi ne dai ya riƙe ta Baba.

Ana tambayata batun tsofaffin kwamfutoci ma, don wani abokina da ya rufe shagonsa a wajen Yalwa ya bar min guda biyu, ɗaya tsohuwa sosai mai cin faifan fulofi. Gaskiya ne akwai kwamfutar da ta yi kuɗi, Apple I da aka yi a 1976 an sayar da guda a gwanjo a 2014 kan dala 905,000, amma wajen 200 kawai aka ƙera, kuma ita ce ta farkon kamfanin. Commodore 64 da ta fito a 1982 an sayar da miliyoyi, shi ya sa duk da tsufanta da farin jininta kuɗinta bai taka kara ya karya ba sai in tana aiki kuma da kwalinta. Namu na nan kuwa yawanci na ofis ne 'yan gwanjo da aka shigo da su bayan Turawa sun gama da su. Da mai gyara ya buɗe tsohuwar, batirin da ke manne a allon lantarkin da ke cikinta ya tsiyaye ya ci layukan, wurin duk ya yi kore, ga ƙurar hunturu ta shekaru ga kashin ɓera. Ko da tana aiki ma, mai so yana Turai ko Amurka, kuɗin aika wannan nauyin ya fi kuɗinta. 'Yan gwangwan ne suka ɗora su a sikeli. In kana da tsohuwa mai aiki kuma kana sonta, ka sa a cire mata wannan batirin kawai ka rufe ta a inda ba laima.

Sai masu cuta, su ma ku kula. Duk wanda ya ce maka kwabonka mai huji ko tsohon keken ɗinkin kakarka akwai wani jan sinadari a ciki da ake saye miliyoyi, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji ko na rajista, ɓarawo ne. Mai saye na gaskiya shi ke biya, kuma tambayoyinsa ba sa wuce shekara, sa hannu, lamba, da lafiyar takarda.

Akwai kuma waɗanda tun canjin kuɗin 2022 suka ɓoye tsofaffin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu wai nan gaba za su yi tsada. Ni ban ga alama ba. An buga su rututu, duk sun sha hannu, kuma kotun ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu, kenan dubunka dubu ce, tsadar kaya kuma tana cinta kullum. Ga shi dokar babban banki ta 2007 ta hana sayar da takardar naira da ake kashewa. In dai sha'awa ce, gara ka nemi ƙananan da ba za su dame ka ba, naira biyar ta takarda mai hoton Tafawa Ɓalewa ko goma ko hamsin na kafin 2007 masu rubutun ajami, tunda daga shekarar aka cire ajamin a ƙananan kuɗi, ko hamsin ta bikin cika shekara 50 da 'yanci ta 2010, ko ɗari ta 2014 ta cika shekara 100 da haɗe ƙasa. Amma sabuwa, wadda ba ta taɓa shiga aljihu ba. In ka ga lambarta ta fara da DZ ka ware ta, irin waɗanda ake bugawa ne a madadin wadda ta ɓaci a wajen bugu, ba su kai sauran yawa ba. Wannan ma don 'ya'ya da jikoki ne, ba jarin da za ka ci riba baɗi ba.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai, da na koma ina buɗe rajistar shafi-shafi sai ga sule biyar ta takarda maƙale can wajen bangon baya, irin na farko da babban bankinmu ya fitar ranar 1 ga Yuli 1959, tun kafin naira ta zo a 1973. Tana da ninki ɗaya a tsakiya amma tsaf take, kuma Allah ya sa mai shagon bai gan ta ba, da ita ma ta bi 'yar uwarta cikin inji. Wannan karon ni na ɗauki hoton da wayata a bakin taga a kan farar takarda. Mutumin Legas ya saye ta tare da gwangwanin, kuɗin bai kai rabin abin da ya yi wa 'yar Murtala tayi ba. Na sa ta tsakanin kwali biyu na ba wani ɗan uwanmu direba ya kai masa hannu da hannu, kuɗin kuma na damƙa wa Baffa ya haɗa da sauran gado aka raba.